Zumunci a Ƙafa Yake: Amsoshin Wasiƙunku kan Tsofaffin Abokan Ƙwallo

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga Legas suka zo, kuma duk zancen abokan wasa ne da aka yi zamani tare. Tsofaffin masu horarwa da likitan wasanni da lauya da malamin fiƙihu suka haɗu a kan amsoshin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mun buga wa kwalejinmu ƙwallo sama da shekara talatin da suka wuce. Bara Allah Ya yi wa mai tsaron gidanmu rasuwa. Mu kusan ashirin ne muka rage a Legas, muna so mu shirya wasan tunawa da shi, amma ƙaraminmu ya haura hamsin. Ta ina za mu fara? — Wani mai karatu, Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ba daga fili ake farawa ba, daga gidan mamacin ake farawa. Mutum biyu ko uku cikin dattawanku su je su faɗa wa iyalinsa abin da kuke nufi. Akwai gidan da ba ya son a buga hoton mamaci a kan riga, akwai wanda ba ya son a ambaci ciwon da ya yi ajalinsa a lasifika. Wannan duk a ji shi tun kafin a kai wa tela ɗinki.

Sai ku cire wasan mutum 11 da 11 daga ranku. Babban fili mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, kuma mai shekara hamsin da ya yi shekara ashirin a zaune a shago ba zai kai minti goma a cikinsa ba. Ku yi bakwai da bakwai a rabin fili, wajen mita 60 da 40. Minti ashirin, a huta minti goma, a ƙara ashirin. Canji ba iyaka: wanda ya fita zai iya komawa idan numfashinsa ya dawo. Ba a busa satar fage, an kuma hana zamiya a ƙafar mutum, wanda ya yi kuwa ya fita ya zauna minti biyar. Alƙalin wasa kada ya zama ɗaya daga cikinku, don tsohuwar gaba ba ta mutuwa, kuma akwai wanda har yau bai manta fenaretin da aka hana shi a 1993 ba. Ku nemi alƙali mai lasisi ta hannun Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Jihar Legas.

Fili kuwa, filayen gwamnati irin na Agege da Teslim Balogun a Surulere da Campos a tsibiri suna ƙarƙashin Hukumar Wasanni ta jihar. Ana rubuta takarda, a faɗi rana da sa'a da yawan jama'a. Ku rubuta aƙalla wata guda kafin ranar, ku karɓi rasit, kada ku dogara da alkawarin baka na mai gadi. Idan filin makaranta ne, izinin ya fito daga shugaban makarantar a rubuce, sannan ku sanar da masu unguwa, domin taron da ba a san da shi ba shi ne wanda samarin layi ke zuwa karɓar kuɗin ajiye mota.

Ku guji watan Yuni da Yuli, ruwan Legas ba ya duba kalandar kowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. Safiyar Lahadi ce ta fi dacewa, a take ƙwallo da bakwai da rabi: hanya a buɗe take ga mai tahowa daga Alaba Rago ko Obalende, rana ba ta yi zafi ba, kuma ciyawar roba da tsakar rana tana ɗaukar zafi har ta ratsa takalmi. In dole sai da yamma, to bayan La'asar, a tashi kafin Magariba.

Yanzu ga inda muke so ku tsaya da kyau. Ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere, ana wasa da Angola, yana da shekara 25, bai tashi ba. Marc-Vivien Foé na Kamaru haka ya faɗi a Faransa a 2003. Waɗannan matasa ne da ke atisaye kullum. A wajen wanda ya haura shekara 35, abin da ya fi kawo irin wannan faɗuwa shi ne toshewar jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, kuma gudu na farat ɗaya bayan dogon zama shi ne ke tayar da shi. Abin kunya ne a taru don tuna mamaci ɗaya a koma gida da gawa.

Don haka kowa ya auna jininsa da sukarinsa mako shida kafin wasan. Wanda awon hawan jininsa ya kai 140 bisa 90 ya ga likita tukuna. Wanda ya kai 180 bisa 110 ba ya shiga fili, ko da shi ne kyaftin. Mai ciwon ƙirji idan ya hau bene, mai haki fiye da ƙima, wanda ya taɓa suma yana motsa jiki, wanda wani nasa ya yi mutuwar fuju'a yana matashi, duk sai an yi musu gwajin zuciya. Sauran su fara tafiya da sauri minti talatin, sau uku a mako, a mako na uku su ƙara sassarfa, a na biyar su fara taɓa ƙwallo. Ranar wasan a ɗumama jiki minti goma sha biyar zuwa ashirin. Agara da naman bayan cinya su ne ke fara tsinkewa a jikin dattijo. Wanda ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan dunduniya, ya waiga bai ga kowa ba, agara ce ta katse. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne, ba a murzawa, asibitin ƙashi na Igbobi za a nufa. Targaɗe kuwa, ƙanƙara a cikin tsumma minti goma sha biyar zuwa ashirin, a naɗe, a ɗaga ƙafar.

Kada kowa ya sha maganin kashe zafin ciwo kafin wasa don ya ɓoye ciwon gwiwa. Irin su diclofenac idan suka haɗu da ƙishirwa da zufa suna yi wa ƙoda illa. Tramadol ma ba a zancensa.

Ruwa: jakar fiya wata tana da leda 20, kowace rabin lita, wato lita goma. Ku ƙiyasta lita biyu ga kowane ɗan wasa. Mutum ashirin jaka huɗu ke nan, ban da ta 'yan kallo. Tsohon but da ya shekara goma a ƙarƙashin gado kuwa, laimar Legas ta riga ta cinye gam ɗinsa, a gudun farko tafin zai rabu da shi. A gwada shi tun a atisaye. A kan ciyawar roba a sa mai gajerun haƙora, don dogaye suna kafewa su murɗe gwiwa.

Ku ɗauko ma'aikacin jinya, ku ajiye mota guda a bakin ƙofa, fuskarta waje, direba a kusa, kun kuma san asibitin da za a nufa. Idan mutum ya faɗi ba tare da an taɓa shi ba, an kira shi bai amsa ba, ba ya numfashi ko yana wani irin shaƙuwa, ku ɗauka zuciya ce ta tsaya. Ɗaya ya kira 112 ko 767. Ɗaya ya kwantar da shi rigingine a ƙasa, ya ɗora tafin hannu bisa ɗaya a tsakiyar ƙirji, ya danna da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, ana canza hannu duk minti biyu. Abin da mutanenmu suka saba yi shi ne a kewaye shi, a kwara masa ruwa, a cusa cokali a baki wai kada ya haɗiye harshe, a nemo albasa. Duk ɓata lokaci ne, ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba jini. Christian Eriksen na Denmark ya faɗi haka a 2021 ya kuma rayu, saboda an fara danna ƙirjinsa nan take aka kuma sa masa na'urar farfaɗo da zuciya. In kun sami motar asibiti mai wannan na'ura, kuɗinta ya fi kuɗin kanofi da kiɗa amfani.

Abu biyu daga wajen malam. Tsayuwar shiru ta minti ɗaya da ake yi a filayen Turai ba ta ƙara wa mamaci komai, ku yi masa addu'a a madadinta. Sannan idan za a ba da kyautar kuɗi, kada ta fito daga kuɗin shiga da ɓangarorin biyu suka zuba, don malamai da yawa suna ganin hakan caca ce. Wani daga waje ya sa kyautar, ko a bar ta gaba ɗaya a ba babban ɗan mamacin rigar gola mai lambar mahaifinsa, shi ya fara taɓa ƙwallon.

TAMBAYA: Abokin wasanmu ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, uku maza. Mun tara kuɗi a rukuninmu na WhatsApp. Yanzu wansa ya ce a ba shi a haɗa da gado, matar kuma tana takaba. Wasu ma sun fara cewa mai riƙe da kuɗin ya taɓa. Yaya za mu yi? — Wani ɗan kasuwa, Mile 12

AMSA: Malam, kuɗin da kuka tara bayan rasuwarsa ba gado ba ne. Gado shi ne abin da mamaci ya mallaka ya bari. Wannan kyauta ce daga gare ku, tana tafiya inda masu bayarwa suka nufa. In don marayu kuka tara, na marayu ne. Ko a gadon ma, muddin akwai ɗa namiji, ɗan'uwan mamaci ba ya da kaso, matar kuma tana da ɗaya bisa takwas. Amma kada ku je ku karanta wa wan nasa wannan a gaban jama'a. Ku tafi da limamin masallacinsu, a gaya masa cikin mutunci, a kuma sa shi cikin masu shaida. Baffan yara ne, za ku buƙace shi gobe wajen aurensu.

Ku fara tambaya ko ana bin mamacin bashi. A Mile 12 da wuya a sami ɗan kasuwar da ba a binsa kuɗin kaya ko kuɗin mota daga Arewa. Bashi ana biyansa daga dukiyarsa kafin rabon gado, in ba ta isa ba kuka cike, kun yi masa abin da ya fi wasan tunawa goma.

Kada ku damƙa kuɗin dunƙule a hannun kowa, har matar. Ba don rashin amana ba. Kuɗin da kowa ya san an kawo gidan makoki, masu buƙata ne ke rufar masa, kafin takabar wata huɗu da kwana goma ta ƙare an cinye. Ku raba shi uku. Kashi ɗaya abinci, a riƙa kaiwa wata-wata, matanku su kai tunda tana takaba. Kashi ɗaya kuɗin haya, a biya mai gida kai tsaye a karɓi rasit, don a Legas hayar shekara ita ce ke fara korar marayu zuwa ƙauye. Kashi na uku kuɗin makaranta, a zuba a asusun makarantar, zango uku a shekara.

Maganar zargi kuwa, laifin tsarin ne. Kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya, tare da kuɗin tumaturinsa, ko waliyyi ne sai an zarge shi. Ku buɗe asusun haɗin gwiwa da sunan mutum uku, da sharaɗin sai biyu sun sa hannu kafin a cire ko sisi. Ranar ɗaya ga kowane wata ma'aji ya sa takardar bayanin banki a rukunin, da hoton kowane rasit. Abin da ya wuce, ku zauna mutum uku ku bi saƙonnin shigar kuɗi ɗaya bayan ɗaya ku haɗa lissafi, a daina zancen a bayan ido. In ƙungiyar za ta ɗore, ku yi mata rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin ƙungiya mai amintattu: ana son amintattu aƙalla biyu, da kundin tsari, da sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Daga nan asusun zai fito da sunan ƙungiya.

Gudummawar ranar mutuwa kowa yana bayarwa, ta wata na bakwai ce ke wuya. Ku yanka abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya. Mutum ashirin, naira dubu biyar-biyar a wata, dubu ɗari ke nan, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara. Ya fi alkawarin miliyan daga bakin Alhaji guda da ba ya ɗaga waya.

In mamacin ya taɓa aikin albashi, ku bincika fanshonsa. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su yi wa ma'aikaci inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara, wannan ga wanda ya rasu yana bakin aiki. Za a nemi takardar shaidar mutuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu. Wanda aka rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba, mutane da yawa suna rikicewa a nan. Ku sa mai ilimin boko a cikinku ya bi wannan, zirga-zirgar tana da yawa.

TAMBAYA: Ɗana yana karatu a wata jami'a a Amurka, ya ce yana buga ƙwallon kwaleji. Na ga hoto, hular kwano ce a kansa, ƙwallon ma kamar gwanda. Wani abokin wasansa Bature ya rasu, ya kira ni yana kuka kamar ɗan'uwansa na ciki ɗaya. Wane irin wasa ne wannan? — Wata uwa, Idi-Araba

AMSA: Hajiya, ba tamaular da muka sani ba ce. Wasan Amurkawa ne, da hannu ake ɗaukar ƙwallon a ruga, abokan hamayya su kayar da mai ita. Mutum 11 ne a kowane gefe, ana yin zango huɗu na minti 15, wanda ya kai ƙwallon ƙarshen fili ya sami maki shida. A jami'o'i ya samo asali: wasan farko tsakanin Rutgers da Princeton aka yi shi a 1869. Har yau filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da dubu ɗari. Ɗanki ba shi ne ɗan Najeriya na farko ba. Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya je Jami'ar Azusa Pacific a matsayin ɗan wasan jifa, can ya koyi wannan wasa, ya kuma yi suna da ƙungiyar Kansas City Chiefs.

Kukansa kuwa bai zama abin mamaki ba. Ƙungiya ɗaya takan kai mutum ɗari, shekara huɗu suna tashi da asuba tare, abinci tare, tafiya tare. Kuma a wasan akwai waɗanda aikinsu kawai su tare wa wani da jikinsu kada a buge shi, ba sa ma taɓa ƙwallon. Wanda ya shekara uku yana karɓar duka dominka ya wuce abokin aji. Suna da hanyoyinsu na tunawa: a manna lambar mamacin a hulunan sauran, ko a ajiye lambar rigarsa kada kowa ya ƙara sawa. Jami'ar Marshall ta yi hatsarin jirgin sama ranar 14 ga Nuwamba, 1970, mutum 75 suka mutu, da yawansu 'yan wasa, kuma duk shekara a wannan rana ana taruwa a kashe famfon ruwan da aka gina domin tunawa da su.

Ki bar shi ya je ya yi wa iyayen yaron ta'aziyya, Musulunci bai hana ba. Abin da ya kamata ki riƙa tambayarsa shi ne buguwar kai. Hular tana kare ƙoƙon kai, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. In ya yi karo ya ji jiri, ko ciwon kai, ko amai, ko mantuwa, ya faɗa wa likitan ƙungiya, kada ya koma fili ranar, kada kuma ya ɓoye don tsoron a ba wani gurbinsa.

TAMBAYA: Hoton ƙungiyarmu ɗaya tak ya rage, na 1987, ya manne da gilashin firam, gefensa ya fara fumfuna. In kai a yi masa leda? — Wani tsohon ɗan baya, Obalende

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Zafi da gam na ledar suna ƙarasa hoton, kuma ba a cire ta. Kada kuma ka ja shi daga gilashin, fuskokin za su bi gilashin su bar maka farar takarda. Ka kai shi yadda yake a yi masa sikanin ta bayan gilashin, ka ce a sa awon tsabtar hoto, wato dpi, a kan 600. In da waya ne, ka ɗauka a inuwa da safe, ba filasha, wayar a miƙe daidai da hoton. Wajen turawa a WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar tana matse shi. Ka ajiye kwafi uku a wurare uku. Na asalin a sa shi a ambulan na takarda, nesa da bangon da ke tsattsafo.

Aikin da ya fi gaggawa shi ne sunaye. Ka tara waɗanda suka rage, ku bi layin tsaye daga hagu zuwa dama, sannan na tsugune, ku rubuta cikakken suna, da laƙabin fili, da garin asali, a takarda daban, ba da biro a bayan hoton ba. Garin asalin shi zai yi muku amfani wajen neman waɗanda suka ɓace, domin Facebook bai san wani Mai Gudun Barewa ba, amma fadar Sarkin Hausawan unguwar da ya zauna, da shugabannin layin kasuwarsu, da direbobin tashar garinsu, suna iya kai ku har ƙofar gida. In aka aiko muku saƙo cewa wane yana kwance a asibiti a tura kuɗi, ku kira shi ta bidiyo tukuna, ko ku tambaye shi wa ya tsare gida a wasan ƙarshe.